Sunayen Baƙar Tawada: Yadda Ɗarikar Anglikan Ke Tuna Mutanenta Ba Tare da Ta Roƙe Su Ba

In mutum ya buɗe shafukan farko na tsohon Littafin Addu'a na ɗarikar Anglikan, wanda aka tabbatar a Ingila a 1662, kafin ya kai ga addu'ar safe zai tarar da jadawalin watanni goma sha biyu. Kowace rana da layinta, an rubuta surorin da za a karanta safe da yamma, a gefen wasu ranakun kuma akwai suna. A bugun da aka yi da launi biyu, wasu sunayen da jar tawada suke: Bitrus, Andarawus, Istifanus, Yahaya Maibaftisma, wato manzanni da mutanen da Sabon Alkawari ya ambata. Sauran, waɗanda suka fi yawa, da baƙar tawada aka rubuta su: Hilary, Agnes, Benedict, Swithun, Nikolas. Mai jar tawada an tanadar masa addu'arsa ta musamman da karatunsa daga Wasiƙu da Bishara. Mai baƙar tawada kuwa ba a ba shi komai ba sai wurin da sunansa zai zauna.

Daga wannan baƙar tawada ne abin da a yau ake kira ƙananan bukukuwa da ranakun tunawa ya tsiro. Tarihinsu tarihin wata ikilisiya ce da ta shafe kusan shekara ɗari biyar tana laluben yadda za ta riƙa tuna mutanen kirki da suka riga mu gidan gaskiya, ba tare da ta mai da su abin roƙo ba.

Al'adar kanta ta girmi Ingila nesa ba kusa ba. Wajajen shekara ta 155 aka kashe Polycarp, tsohon bishop na Simirna, garin da yanzu ake kira Izmir a Turkiyya, saboda ya ƙi zagin Almasihu. Mabiyansa suka rubuta labarin mutuwarsa suka aika wa wata ikilisiya, kuma a ciki suka ce sun tattara ƙasusuwansa sun binne, za su riƙa taruwa a wurin duk shekara ranar da aka kashe shi. A cikin wannan wasiƙar ce kuma suka bayyana cewa Almasihu suke yi wa sujada, shahidai kuwa ƙaunarsu suke yi a matsayin almajiran Ubangiji. Abubuwa biyu sun fito daga nan da har yau suna aiki. Ranar tunawa da mutum yawanci ranar mutuwarsa ce, domin ita ake ɗauka ranar shigarsa rai na har abada. Na biyu kuma, tun daga tushe akwai iyaka tsakanin girmamawa da bauta, kuma a kan wannan iyaka aka yi ta kai ruwa rana daga baya.

Da tafiya ta yi tafiya, waliyyai suka yawaita a Turai. Kowane gari da nasa, kowace sana'a da nata, ana zuwa kaburburansu neman waraka da biyan bukata. Tun daga 1234 ikon tabbatar da waliyyi ya koma hannun Fafaroma shi kaɗai a ikilisiyar Yamma. A Ingila babu kabarin da ya kai na Thomas Becket jan jama'a, babban bishop na Canterbury da fadawan sarki suka sare a cikin majami'arsa ranar 29 ga Disamba 1170. Ranakun hutun waliyyai kuma suka yi yawa har masu mulki suka fara kukan cewa aikin gona na tsayawa.

Da Sarki Henry na Takwas ya ɓalle daga Rum, nan ya fara sa hannu. A 1536 aka soke yawancin ranakun hutu da ke faɗowa a lokacin girbi, daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Satumba. A 1538 aka rushe kabarin Becket, aka kwashe dukiyar da ke kansa, aka yi shelar cewa shi ɗan tawaye ne ga sarkinsa, aka ba da umarnin a goge sunansa daga littattafan ibada. Har yau a ɗakunan adana littattafai na Ingila akwai tsofaffin rubuce-rubucen hannu da za ka ga layin 29 ga Disamba an kankare shi da wuƙa, fatar da aka yi rubutun a kai ta yi fari-fari a daidai inda sunan yake.

Thomas Cranmer, babban bishop ɗin da ya tsara Littafin Addu'a na farko da harshen Ingilishi a 1549, ya yi shara sosai. Bai bar kowa ba sai mutanen Littafi Mai Tsarki, da Mala'ika Mika'ilu, da ranar Dukan Tsarkaka. Amma sharar ba ta daɗe ba. A bugun 1552 sunaye kaɗan suka dawo, irin su George da Lawrence da Clement. A 1561, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, sai aka dawo da sunaye fiye da hamsin lokaci guda, har da wasu tsofaffin bishop-bishop na Rum kamar Gregory da Silvester.

Me ya dawo da su? Dalilin bai kai zurfin da mutum zai yi zato ba. Jama'a da waɗannan sunaye suke lissafin shekara. Ranar biyan kuɗin haya, ranar buɗe kotu, ranar cin kasuwar shekara-shekara, duk da sunan waliyyi aka san su. A taron Savoy na 1661, da masu tsattsauran ra'ayin gyara suka nemi a share sunayen, bishop-bishop suka amsa cewa ba don a kiyaye su a matsayin ranaku masu tsarki aka bar su ba, an bar su ne don kada a manta da mutanen, da kuma don amfanin takardun haya da ranakun shari'a. Alamun wannan na nan har gobe. Jami'ar Oxford na kiran zangon karatunta na Janairu da sunan Hilary, wanda ranarsa ke faɗowa 13 ga watan. Mutanen karkarar Ingila kuma na da camfin cewa in an yi ruwa ranar Swithun, 15 ga Yuli, to kwana arba'in za a yi ana yi. Rashin kulawar da aka yi wa waɗannan sunaye ya kai har kuskure ya shiga ya zauna: Alban, wanda ake ɗauka shahidin farko na Birtaniya, tun da can 22 ga Yuni ake tuna shi, amma littafin 1662 ya sa shi ranar 17, kuma ana kyautata zaton wani ne ya karanta lambar Romawa ba daidai ba.

Ginshiƙin al'amarin yana cikin Ƙa'idodi Talatin da Tara na bangaskiyar Anglikan, waɗanda aka kammala a 1571. Ƙa'ida ta 22 ta ambaci kiran waliyyai cikin addu'a tare da sujada ga siffofi da kayan tsarkaka, ta ce abu ne da aka ƙaga, ba shi da tushe a Nassi. Saboda haka duk addu'ar da hukumar ikilisiyar Ingila ta rubuta don ranar wani waliyyi, ga Allah take fuskanta. Tsarinta kusan ɗaya ne kullum: a kira sunan Allah, a ambaci baiwar da ya yi wa bawansa wane, a roƙi Allah ya ba mu alherin bin sawunsa, a rufe da sunan Yesu Almasihu. Ana maganar mutumin, ba a yi masa magana. Akwai majami'un Anglikan masu karkata ga salon Katolika da ke wuce nan a ibadarsu, suna cewa waliyyi wane ka yi mana addu'a, akwai kuma masu ra'ayin bishara zalla da ba sa ko leƙa jadawalin. Amma abin da ke rubuce, wanda ya haɗa su duka, shi ne wancan.

Baƙar tawada ta fara samun rai ne a ƙarni na 19, lokacin da wasu malaman Oxford, irin su John Keble da John Henry Newman da Edward Pusey, suka tashi daga 1833 suna tunatar da ikilisiyar Ingila cewa ita ma magajiyar ikilisiyar farko ce. Almajiransu suka dawo da cin Jibin Ubangiji a ranakun mako, kuma wanda ke hidima kullum dole ya bukaci abin da zai bambanta Talata da Laraba. Sabon littafin da aka shirya a 1927 da 1928 ya tanadi addu'o'i don ƙananan bukukuwa, sai dai majalisar dokokin Birtaniya ta ƙi amincewa da shi har sau biyu. Sai a sabon littafin ibada na 1980, sannan a littafin Common Worship na 2000, tsarin ya zauna da gindinsa.

Wa ke da ikon sa suna?

A nan ne Anglikan ta sha bamban da Katolika ƙwarai. A Katolika akwai ofishi a Rum da ke binciken rayuwar mutum, a nemi mu'ujiza kafin a kira shi mai albarka, a nemi wata kafin Fafaroma ya tabbatar da shi waliyyi, ko da yake wanda aka kashe saboda bangaskiya ba ya bukatar ta farkon. Anglikan ba ta da irin wannan ofishi, ba ta da shugaba ɗaya da zai yanke wa duniya hukunci, kuma ba ta neman mu'ujiza. Ba ta ma da'awar sanin matsayin kowa a lahira. Abin da take yi shi ne majalisar ikilisiyar kowace ƙasa ta zauna ta amince a sa suna a jadawalinta. Wanda ya fi kusa da a ce ta naɗa shi waliyyi bayan rabuwa da Rum shi ne Sarki Charles na Farko, da aka fille wa kai ranar 30 ga Janairu 1649. An sa masa hidima ta musamman a 1662, aka cire ta a 1859, sannan sunansa ya dawo a 1980. Wannan shiga da fita kaɗai ta isa ta nuna yadda siyasa ke iya rina jadawalin ibada.

Taron Lambeth na 1958, inda bishop-bishop na Anglikan daga ƙasashe daban-daban suka haɗu, shi ya shimfiɗa ma'aunin da har yanzu ake komawa gare shi. Mutanen Littafi Mai Tsarki a tuna su daidai da abin da Nassi ya faɗa, ba ƙari. Sauran kuwa sai waɗanda tarihinsu da ibadarsu ba su da shakka. A yi tsimi wajen ƙara sunaye, wanda ake gardama a kansa a dakata sai ƙura ta lafa. Sannan sabon suna ya fito daga muradin jama'ar yankin, wanda suka daɗe suna nunawa. A Ingila an saba jiran shekara hamsin bayan mutuwar mutum, sai fa in shahidi ne.

Jadawalin Ingila na yanzu hawa-hawa ne. A sama akwai manyan bukukuwa tara, irin su Kirsimeti, Ista, Hawan Almasihu Sama, Fentikos da ranar Dukan Tsarkaka, tare da manyan ranaku uku masu tsarki: Larabar Toka, Alhamis ta Jibin ƙarshe, da Jumma'ar gicciye. Ƙasa da su akwai bukukuwan manzanni da masu bishara, wato magadan jar tawada. Sai ƙananan bukukuwa, waɗanda kowanne an ba shi addu'a da Zabura da karatu, amma limamin majami'a na da zaɓi ya kiyaye wanda ya ga ya dace da jama'arsa ya bar saura. Daga can ƙasa sai ranakun tunawa, da ake bugawa da karkataccen rubutu, waɗanda ba su da addu'a ko karatu, sai dai a ambaci sunan mutumin cikin addu'o'in roƙo.

Abin da ya fi bayyana ruhin tsarin shi ne dokar karo. In ƙaramin buki ya faɗo ranar Lahadi ko ranar babban buki, yawanci a wannan shekarar ba a yin sa. A 2021, ranar Janani Luwum, babban bishop na Yuganda da aka kashe zamanin Idi Amin, wato 17 ga Fabrairu, ta haɗu da Larabar Toka, sai shahidin ya kauce. A Makon Shan Wuya da makon Ista ba a yin bukin kowane waliyyi. An kuma gargaɗi limamai kada yawan sunaye ya shaƙe lokutan azumi da jiran zuwan Almasihu. Jadawalin da kansa yana koyar da cewa bawa ba ya shiga gaban Ubangijinsa.

A aikace abin ba shi da wani armashi a ido. Safiyar Laraba, mutum bakwai ko takwas a wani ɓangaren majami'a, limami ya yafa jan gyale a wuya in shahidi ake tunawa, fari in ba shahidi ba ne. Ya karanta 'yan layuka kan rayuwar mutumin, a yi addu'ar ranar, a karanta Nassi, a ci Jibi, cikin rabin sa'a kowa ya kama hanyar wurin aiki. Ba hutu, ba ganga, ba jerin gwano.

Wannan ƙanƙantar ce, a ganina, ta ba jadawalin ƙarfin da babba ba zai iya samu ba. Da yake sa suna ba hukunci ba ne kan wa ya shiga aljanna, ikilisiyar ta iya tuna mutanen da a rayuwarsu ba sa ga maciji da juna. Cranmer, da Sarauniya Mary 'yar Katolika ta sa aka ƙone a Oxford a 1556, yana da ranar 21 ga Maris. Thomas More da John Fisher, 'yan Katolikan da Henry ya kashe a 1535 saboda sun ƙi yarda shi ne shugaban ikilisiya, suna da 6 ga Yuli. More ɗin nan ya yi ta rubutu mai zafi a kan William Tyndale, mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Ingilishi, shi kuma Tyndale yana nan ranar 6 ga Oktoba. Ranar 4 ga Mayu kuma an ware ta ga dukan waɗanda aka kashe a rikicin gyaran addini a Ingila, ko daga wane ɓangare suke. John Bunyan, da ya yi kusan shekara goma sha biyu a kurkukun Bedford saboda wa'azi ba da izinin wannan ikilisiya ba, yau ita ce ke masa buki ranar 30 ga Agusta. Newman da ya bar ta ya koma Katolika a 1845 yana ciki. Becket ma ya dawo layin da aka kankare shi.

Akwai masu ganin wannan rashin tsayuwa ne a kan abu ɗaya, suna tambayar yadda za a yi wa mai ƙonewa da abokin gābarsa addu'ar godiya a littafi guda. Tambayar na da nauyi, ban raina ta ba. Amma ikilisiyar da ta taɓa kashe mutane da sunan gaskiya, ita ma aka kashe nata, ba ta da hanyar da ta fi dacewa da ta riƙa karanta sunayen duka biyun a gaban Allah kowace shekara. Jadawalin da ya ƙunshi 'yan gida kaɗai zai koya wa jikoki cewa laifi kullum na wasu ne.

Afirka a cikin jadawalin

Mai karatu a nan yankin zai yi mamakin yawan 'yan Afirka da ke ciki tun daga ƙarnonin farko. Perpetua da Felicity, matasan mata biyu da aka jefa wa namun daji a Carthage, cikin Tunisiya ta yau, a shekara ta 203, suna da 7 ga Maris. Antony na hamadar Masar 17 ga Janairu, Athanasius na Iskandariya 2 ga Mayu, Monica 27 ga Agusta, ɗanta Augustine na Hippo, a Aljeriya ta yau, washegari.

Na zamanin kusa kuwa Yuganda ce ta fi ba da jini. Tsakanin 1885 da 1887 sarkin Buganda, Kabaka Mwanga na Biyu, ya sa aka kashe Kiristoci 45 da aka san sunayensu, 23 'yan Anglikan, 22 'yan Katolika, da yawansu samari ne masu hidima a fada. Mafi yawa an ƙone su a Namugongo ranar 3 ga Yuni 1886. A Ingila wannan rana karkataccen rubutu ce kawai, amma a Yuganda hutun ƙasa ce, mutane na takowa da ƙafa daga nesa, har daga ƙasashen maƙwabta. Girman rana ya danganta da ƙasar da kake tsaye.

Labarin Janani Luwum ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ne babban bishop na Anglikan a Yuganda zamanin Idi Amin. A farkon Fabrairu 1977 sojoji suka kutsa gidansa cikin dare wai suna neman makamai. Shi da sauran bishop-bishop suka rubuta wa Amin takarda suna kokawa kan kashe-kashe da ɓacewar mutane. Ranar 16 ga watan aka kira su wani taro a Kampala, aka baje makamai a gaban sojoji, aka zarge shi da hannu a shirin juyin mulki. Aka sallami sauran bishop-bishop ɗaya bayan ɗaya, aka riƙe shi. Washegari gwamnati ta sanar cewa shi da ministoci biyu, Erinayo Oryema da Charles Oboth Ofumbi, sun mutu a haɗarin mota. Aka kai gawarsa ƙauyensu, Mucwini, kusa da Kitgum, cikin rufaffen akwati, da aka buɗe sai ga raunukan harsashi. Ba a jira shekara hamsin ba. A 1998 aka kafa siffarsa a saman ƙofar yamma ta majami'ar Westminster a Landan, cikin shahidai goma na ƙarni na 20, tare da Martin Luther King, da Oscar Romero na El Salvador, da Manche Masemola, yarinyar Afirka ta Kudu da iyayenta suka kashe a 1928 tun ba a yi mata baftisma ba. Yuganda kuma ta mai da 16 ga Fabrairu ranar hutu.

A Amurka matsalar ta zo ta wata fuska. Ikilisiyar Episcopal, reshen Anglikan na can, ta fara buga littafin ƙananan bukukuwanta a 1963, kuma babban taronta da ke zama duk bayan shekara uku shi ke amincewa da sunaye. Ta nan aka sa mutane irin su Jonathan Daniels, ɗalibin koyon limanci da aka harbe a Alabama a 1965 yayin da ya ture wata yarinya baƙar fata daga bakin bindiga. Amma a 2009 aka ƙara sunaye sama da ɗari don gwaji, jadawalin ya cika maƙil, aka shiga muhawarar ko kowane mutumin da ya yi abin yabo a tarihi ya zama abin tunawa a bagade. Shekaru aka yi ana gyara. Gargaɗin Lambeth na a yi tsimi ba a banza aka yi shi ba.

To mu fa?

Sunan da ya fi kusa da mu shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda ake tunawa ranar 31 ga Disamba, ranar da ya rasu a Legas a 1891. Yaro ne Bayarabe da aka kama bawa a Osogun, jirgin yaƙin Birtaniya ya kuɓutar da shi a 1822 aka sauke shi a Saliyo. A 1841 ya bi ayarin da ya hau kogin Kwara tare da James Frederick Schön, Bajamushen da daga baya ya rubuta nahawun Hausa da ƙamusunta. Ranar 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi bishop a Canterbury, baƙar fata na farko a wannan matsayi a Anglikan. Ya yi aiki a Lakwaja, ya rubuta littattafan koyon Nufanci, ya kuma yi hulɗar mutunci da Etsu Masaba na Bida, sarki Musulmi, da ladabi da sanin ya kamata. Ƙarshen rayuwarsa bai yi daɗi ba. A 1890 wasu matasan Turawan mishan, waɗanda burin wasunsu shi ne su shiga ƙasar Hausa daga Lakwaja, suka dakatar da limamansa 'yan Afirka a gabansa a wani zama a Onitsha. Bayan rasuwarsa Bature aka naɗa a gurbinsa, kuma sai da aka yi kimanin shekara sittin kafin wani ɗan ƙasa ya sake riƙe dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, a Nijeriya. A 2014, wajen cikar shekara 150 da keɓe shi, babban bishop na Canterbury na lokacin, Justin Welby, ya nemi gafara a bainar jama'a kan abin da aka yi masa.

Akwai wasu ma. Jadawalin Ingila na tuna Mary Slessor ta Kalaba ranar 11 ga Janairu, duk da ita 'yar Presbyterian ce. Ranar 30 ga Yuli tana haɗa William Wilberforce da Thomas Clarkson da Olaudah Equiano, wanda ya rubuta cewa a ƙasar Ibo aka haife shi kafin a sayar da shi. Mary Sumner, da ta kafa ƙungiyar iyaye mata ta Anglikan a 1876, tana da 9 ga Agusta, kuma duk wanda ya ga matan wannan ƙungiya sanye da anko a majami'un Nijeriya ya san aikinta ya yi jijiya a nan. Sunayen majami'u ma na ɗauke da tarihi. Majami'ar Wusasa, da aka gina da ƙasa bisa salon ginin Hausa a 1929, sunan manzo Bartalamawus take ɗauke da shi, mai jar tawada, 24 ga Agusta. A Jos kuwa akwai majami'ar Piran, waliyyin masu haƙar kuza na yankin Cornwall a Ingila, wanda can ake tunawa ranar 5 ga Maris. Kuzar Filato ce ta kawo sunansa har tsaunukanmu.

Duk da haka, ƙananan bukukuwa ba su yi ƙarfi a ibadar yau da kullum ta yawancin majami'unmu ba, kuma dalilin a fili yake. CMS, ƙungiyar mishan ta Ingila da ta kawo Anglikan Nijeriya, ta masu ra'ayin bishara ce, wa'azi da karatun Nassi ta fi ba wa muhimmanci, tana kuma ɗari-ɗari da duk abin da ya yi kama da roƙon waliyyai. Bikin godiyar girbi da taron Zumuntar Mata sun fi kowace ranar waliyyi cika majami'a.

Ikilisiyar Nijeriya ta samu 'yancin kanta ranar 24 ga Fabrairu 1979, tana da littafin addu'arta, tana da ikon tsara jadawalinta. Ƙofa a buɗe take ga dayosis ko majami'a ta riƙa tuna nata mutanen. Inda gizo ke saƙa shi ne sharaɗin nan na Lambeth, cewa tarihin mutum ya zama ba shi da shakka. Baturen mishan ya bar wasiƙu da rahotanni da littafin ajiyar kwanaki, an adana su a Ingila. Malamin bishara Bahaushe ko Bamaguje ko Bajju da ya yi shekara arba'in yana taka ƙauyuka da keke, da ungozomar asibitin mishan, da matar da ta koya wa rabin gari karatun boko a zaure, da waɗanda suka taya fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, yawancinsu labarinsu a bakin tsofaffi yake. Ma'aunin da ke neman takarda zai ci gaba da fifita wanda ya bar takarda, sai in an samu masu zama da waɗannan tsofaffi, su rubuta suna da gari da ranar rasuwa da abin da mutumin ya yi, su kai wa majalisar dayosis tun masu ba da shaidar suna da rai.